Mayafin Kakar Safiya

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau da yawa nakan ɗauki biro in sake ajiyewa, don tsoron kada in faɗi abin da ba daidai ba a kan addinin wasu ko a kan namu, ko in buɗe abin da masu shi suka rufe. Karatuna bai wuce firamare ba, a Katsina na yi shi kafin aure ya kawo ni Madina. Amma 'yan matan da ke aiki yanzu a wurin da na bari suna kirana Hala, wato inna da Larabci, sun kuma dame ni da tambaya: "Hala Hauwa, me ya sa kafin kowane biki sai kin je gidan uwar ango, alhali ba ita ta kama wurin ba?" To ga dalilin, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Bari in fara da bayanin aikin, saboda waɗanda ba su san shi ba. Na yi aiki a wata istiraha, wato gidan da ake haya don biki, a unguwar Bani Harisa. Ɓangare biyu ne, na maza da na mata, kowane da ƙofarsa. A ɓangaren mata Ummu Faisal ce mudira, wato shugaba, matar mai wurin, Bahijaziya mai yawan dariya. Ƙarƙashinta sai mushrifa, mai kula da tsarin biki tun daga farko har ƙarshe. Ƙarƙashin mushrifa akwai masu zuba gahawa, da mai tsaron ƙofa wadda ke karɓar abayoyi tana kuma duba jakunkuna, domin a lokacin ba a shiga ɓangaren mata da kyamara. Mai hoto ɗaya ce tak, mace, ita ma amarya kaɗai take ɗauka. Da zuba gahawa na fara a farkon shekarun 1990, daga baya aka ba ni mushrifa.

Da yake ina jin Hausa, duk wani taro na mutanenmu ni ake miƙa wa: suna, walimar sauka, wunin biki. Aikina shi ne in zauna da masu biki mu tsara abin da za a yi. Ba ƙaramin aiki ba ne. Uwar amarya 'yar Kano, uwar ango 'yar Damagaram, gwaggo ta tashi a Sudan, amaryar kuma haihuwar Madina, ka yi mata Hausa ta amsa maka da Larabci. Kowa na da abin da in ba a yi shi ba, a wurinsa ba a yi biki ba. Ni kuwa Allah Ya yi ni da fargaba. In an ce biki ranar Alhamis, tun Asabar abinci ke daina shiga cikina.

Cikin waɗanda na yi wa aiki akwai wata Baturiya, Rahila, matar wani mai haɗa magunguna ɗan Kano da ke aiki a wani asibiti a nan. A Ingila suka haɗu yana karatu. Ta musulunta, ta zauna Kano shekaru, Hausarta ta fi ta 'ya'yan da muka haifa a nan. Farkon haɗuwarmu a walimar saukar ɗanta ne, yana ɗan shekara goma sha uku. Ta roƙe ni cewa idan ya gama karatu ya zo bakin ƙofar mata gaishe ta, a bari ta watsa masa alawa a ka. A nan ta gaya mini cewa iyayenta Yahudawa ne, kuma a wurinsu yaro in ya kai wannan shekarun yakan tsaya gaban jama'a ya karanta littafinsu, sai mata su watsa masa alawa. Na ruga wurin Ummu Faisal. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ya Hauwa, kakata ma haka take yi mana, har da 'yan silalla. Alawa ce fa, ba gunki ba." Aka watsa alawa, yara suka yi wawaso, ba wanda ya ce komai.

Ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da Rahila ta dawo, wajen ƙarshen shekarun 1990, cikin hutun bazara, don tsara wunin bikin 'yarta Safiya. Mun gama maganar abinci da wurin zaman dangi, sai ta ce in rufe ƙofar ofis. Ta ciro wani ƙunshi daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur. Yadi ne mai kusurwa huɗu, ya kai girman zanen gado, fari ne da amma tsufa ya mai da shi ruwan madara. Gefensa ɗaya ya fara zarewa. A wata kusurwa an ɗinka wani rubutu da shuɗin zare, layi-layi, da haruffan da ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Yaya Hauwa, mahaifiyata ce ta aiko da shi. A wurinsu ana ɗaga shi a kan sanduna huɗu, ango da amarya su tsaya a ƙarƙashi a ɗaura aure. Alamar gidan da za su gina ne. A ƙarƙashinsa aka aurar da kakata, da mahaifiyata, da ƙannena mata."

Na ce, "Rubutun fa, Maman Safiya?"

Ta ce, "Sunayen amaren ne. Duba nan." Ta ɗora yatsa a kan wani fili tsakanin layi biyu. "Nan ne wurina. Da na auri baban Safiya mahaifiyata ta bar wurin haka, ta kuma daina yi mini magana. Sai shekarun nan, da ciwon zuciya ya kama ta, muka fara waya. Yanzu ga shi ta aiko da wannan da kanta. Ba za ta iya zuwa ba, kin san wanda ba Musulmi ba ba ya shiga haramin Madina, ga kuma jikin. Abu ɗaya ta roƙa: hoton jikarta a ƙarƙashinsa. In na mayar mata da shi a naɗe yadda ya zo, ta ji amsata ke nan, kuma ba na jin za ta sake buɗe mini ƙofa."

Sai ta kawo shawararta. A yi abin a ɗakin shirya amarya, a kulle ƙofa, mai hoto ta ɗauka, a naɗe a ɓoye. Kada dangin ango su ji.

Na ce ta ba ni lokaci. Allah Ya sani ban samu natsuwa ba. In na ƙi, na raba uwa da 'ya. In na yarda, ban san abin da na ɗaga a kan amarya Musulma ba, a garin Manzon Allah. Sannan na san wurin aikina: babu abin da ke ɓoyuwa a istiraha. Mai gyaran gashi za ta gani, mai hoto za ta gani, ita kuma hoto a shago ake wanke shi. Ranar da dangin ango suka ji daga bakin wani, Safiya ce za ta zauna da abin, ba mu ba.

Na fara da malami. Akwai wani ɗan Najeriya da ke koyarwa a jami'a, matarsa ƙawata ce. Na je gidansu, na zauna bayan labule na yi masa bayani, ina ta maimaita kaina har ya ce, "Malama, na gane, ki numfasa." Ya tambaye ni ko za a karanta wani abu na ibadarsu a kansa, na ce a'a. Ko a ƙarƙashinsa za a ɗaura auren, na ce a'a, ɗaurin aure na maza ne, an ma sa ranarsa daban. Ya ce a fahimtarsa kada a kafa sanduna a kwaikwayi yadda suke ɗaura aurensu, kada a sa ango a ciki. Amma kyautar kaka ga jikarta ba laifi ba ce, kuma kyautata wa uwa wajibi ne ko da ba Musulma ba ce. Ya ƙara da cewa, "Sai dai ku guji abin da zai haɗa fitina tsakanin surukai."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kai ni Uhudu.

Uwar ango, Hajiya Gambo, tsohuwa ce da kowa ke shakka. Tana da rumfa kusa da dutsen Uhudu, inda maziyarta ke sauka, tana sayar da tasbaha da huluna da mayafan da take yi wa ado da hannunta. Angon shi ne autanta. Ta taɓa tashi daga wani biki da ni na tsara saboda an sa kiɗa da ƙarfi, ta ja mata wajen goma suka fita tare. Na roƙi Rahila ta bar ni in kai mata mayafin ta gani da idonta. Rahila ta ce, "In ta ce a'a fa?" Na ce, "In ta ce a'a yau, muna da sauran dabara. In ta ji bayan biki, ba mu da ko ɗaya."

Na same ta a gida bayan azahar, ta miƙe ƙafa tana zare wani ɗinki. Tana ganina ta ce, "A'a, Hauwa uwar fargaba! Yau kuma me ya ƙone? Shinkafar ko amaryar?"

Na durƙusa na gaishe ta, na kwance ƙunshin, na faɗi komai ban rage ba, har maganar malam. Ban ɓoye kalmar Yahudawa ba, ko da yake da ƙyar ta fito daga bakina.

Ta jawo mayafin kan cinyarta, ta juya bayansa, kamar yadda masu ɗinki ke yi, don a baya ake gane hannu. Ta bi layukan da farce.

"Wannan hannu uku ne," in ji ta. "Ta farkon gwana ce. Ta biyun tana sauri. Ta ukun idonta ya fara rauni." Sai ta tsaya a kan filin nan. "Nan fa? Zare ne ya ƙare musu?"

Na ce, "Wurin uwar amarya ne, Hajiya. Ba a sa ta ba."

"Saboda ta yi salla?"

"Haka ne."

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta naɗe mayafin, ta tura shi ƙarƙashin matashinta, ta ce, "Bar shi nan. Sai na gani."

Na ce, "Hajiya, amana ce aka ba ni..."

"Ni kuma ɓarauniya ce? Tashi ki je, kada mijinki ya ce na riƙe ki. Ki gaida Balarabiyarki Ummu Faisal."

Haka na fito hannu wofi. A tasi na riƙa tuhumar kaina: kayan gadon mutane, ya ƙetare teku lafiya, ni na kai shi inda ban san abin da za a yi da shi ba. In ta ƙona shi fa? In ta kai wa wani malamin da ya fi namu tsanani? Na kira Rahila na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Tayyib," wato to shi ke nan, ta ajiye waya. Wannan tayyib ɗin ta fi mini zagi ciwo. Na aika a tambayi Hajiya har sau biyu, amsa ɗaya ce: ta ce tana sane. Ummu Faisal ta ce in na ci gaba da ramewa haka za ta fara cire kuɗin abinci daga albashina, tunda ba ci nake ba.

Ranar wuni ta zo. Tsarin da muka yi shi ne bayan la'asar amarya ta fito daga ɗakin shiri, ta ratsa tsakar gida, wadda katanga ta kewaye ba mai hango ta, ta shiga zauren da mata ke zaune. Mata sun cika, gwaggon amarya ta iso daga Kano tun shekaranjiya, mu muka aika aka ɗauko ta daga filin jirgi. Rahila na zaune kusa da 'yarta a ɗakin shiri, ta yi kwalliya amma fuskar ba ta biki ba ce. Ba ta tambaye ni komai ba. Ni ma na kasa haɗa ido da ita.

Sai ga Hajiya Gambo ta turo ƙofa, abin da uwar ango ba ta yi, ƙunshin a hammatarta. Ta ce wa mai gyaran gashi, "Yalla, barra," yarinyar ta fita. Ta shimfiɗa mayafin a kan kujera.

Ashe ta kama gefen da ya zare, da ɗinki ƙanana har ba a ganin wurin. Wannan na fara gani. Sannan idona ya kai kusurwar rubutu. A filin nan da aka bari, ta ɗinka suna da koren zare, da haruffan Larabci irin na allo: Rahila. A ƙasan layi na ƙarshe kuma: Safiya.

Na ce a raina shi ke nan, an taɓa kayan mutane ba izini, kuma ni na jawo.

Hajiya ta dubi Rahila ta ce, "Uwar amarya, ban iya rubutunku ba, na yi da wanda na iya. In tsohuwar ba ta so, ɗinkin sama-sama ne, ta sa allura ta zare, ba zai bar tabo ba. Amma ni ba zan ɗaga mayafi a kan surukata da ramin uwarta a jiki ba."

Rahila ta durƙusa a gaban kujerar, ta ɗora tafin hannu a kan sunanta. Sai ta fashe da kuka. Safiya ta ce, "Mama, khalas, ya isa, za ki sa ni kuka, kwalliyata!" Hajiya ta ce, "Ke rufe mana baki, amarya ba ta magana." Sai ta juya gare ni, murya ƙasa-ƙasa: "Ni a hanyar Sudan aka aurar da ni, muna tahowa da ƙafa. Da zanen aro aka kai ni ɗaki, washegari mai shi ta zo ta karɓa. Wadda kakarta ta aiko mata da nata, a ɗaki za a ɓoye?"

Ta ce a tsakar gida za a yi, a gaban kowa. Ba sanduna, ba ango, ba karatun komai. Mata huɗu su kama kusurwa huɗu su yi wa amarya inuwa daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar zaure, tunda ranar Madina ko bayan la'asar ba ta da wasa. Ita ta kama ɗaya, Rahila ɗaya, gwaggo ɗaya. Saura ɗaya. Na juya zan nemo wata daga dangi, domin a ƙa'idarmu ma'aikaciya ba ta shiga cikin al'adar masu biki. Ummu Faisal na tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Imsiki ya Hauwa, kama. Yau na ɗage miki ƙa'ida."

Kafin mu fita Hajiya ta sa aka buɗe ƙofar zaure, ta ɗaga murya: "Jama'a, wannan mayafin kakar amarya ne ta wajen uwa, daga Ingila ta aiko. Ba Musulma ba ce, Bayahudiya ce, kuma ba ta da lafiya. Ku roƙa mata lafiya da shiriya. Na faɗa muku da bakina don kada wata ta je ta faɗa da nata."

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Mata biyu sun tashi sun karɓi abayoyinsu, ɗaya ba ta sake gaishe ni ba har ta bar garin. Amma sai wata tsohuwa 'yar Damagaram ta ce, "Yo mu ma a garinmu ai haka ake rufa wa amarya zane in za a fita da ita." Wata 'yar Sudan ta ce su ma haka. Aka rangaɗa guɗa, muka taka. Kusurwata ta yi ƙasa, Hajiya ta harare ni ta ce, "Ɗaga sosai, ke ce gajera." Hasken rana ya ratso yadin ya sauka a fuskar Safiya launin madara. Tafiyar ba ta da nisa, amma har yau in na rufe ido ina ganinta.

Mai hoto ta ɗauka. Da yake Hajiya ba ta yarda a ɗauki fuskarta, mu ma ƙa'ida ta hana, sai hoton ya fito da amarya a tsakiya, mayafi a sama, da hannaye huɗu a kusurwoyi: fari ɗaya, baƙaƙe uku.

Rahila ta kai mayafin da hoton Ingila da kanta bayan biki. Da ta dawo ta zo ofis ta same ni. Ta ce tsohuwar ta daɗe tana shafa koren zaren, sannan ta ɗauki hoton ta tambaya wane hannu ne ya yi ɗinkin. Rahila ta nuna mata mai zoben azurfa. Tsohuwar ta ce, "Ki gaya mata ɗinkinta ya fi nawa kyau." Ba ta zare ko ɗaya ba. Rahila ta yi jinyarta a watanninta na ƙarshe, a hannunta ta cika. Da na kai wa Hajiya saƙon ta ce, "Ai na sani. Hannu na ukun nan nata ne, na ga tana tsallake zare."

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake zuwa gidan uwar ango. 'Yan matana, aikinmu ba jera kujeru ba ne. Duk wanda ya zo tsara biki yana ɗauke da wani wanda ba zai samu halarta ba, ko ya rasu, ko yana nesa, ko an yi fushi da shi. Ku nemo wannan mutumin ku sama masa wuri. Abin da kuka ji shakkarsa ku tambayi masu ilimi, kada ku yanke da kanku. Kuma kada ku taɓa shirya wani abu a bayan mutumin da kuke tsoro. Ku je ku zauna a gabansa ku faɗa masa. Sau da yawa zai ƙi. Wani lokaci kuma zai yi abin da ku ba ku isa ku yi tunaninsa ba.

Hajiya Gambo ta rasu, tana maƙabartar Baƙi'a, Allah Ya jiƙanta. Rahila da mijinta sun bar Madina a tsakiyar shekarun 2000 da aikinsa ya ƙare, Safiya da Auta suka bi su daga baya. Wasu sun ce Kano suka koma, wasu sun ce Ingila. Lambar da nake da ita ta daina shiga tuntuni.

Don haka ina roƙon duk wadda ta karanta wannan kuma ta san inda suke, ta sanar da ni ta hannun 'yan matan istiraha, sun san gidana. Ina so in ji ko mayafin yana nan, da ko an ƙara wani suna a ƙasan na Safiya, da kuma wane irin rubutu. In ma ba za a iya ba ni amsa ba, a taimaka a isar mini da saƙo ɗaya. Koren zaren nan na rumfar Hajiya ne, na san shi, yana zuba in ya ji ruwan zafi. Na gaya wa Rahila tun a lokacin, na kuma maimaita mata, amma ban sani ba ko ta gaya wa Safiya. Don Allah, in za a wanke, da ruwan sanyi.